Idan Gogaggen Mawaƙi Ya Hau Dandamali: Me Za Mu Gani, Me Za Mu Ji?

Da zarar Sallah ta gabato, ko an shiga hutun ƙarshen zango, bangwayen Kaduna sukan cika da fastocin wasanni. Daga Kawo zuwa Unguwar Sarki, daga Unguwar Rimi zuwa titin Ahmadu Bello, za ku ga hoton mawaƙi riƙe da makirufo, a ƙasa an rubuta rana da wuri da kuɗin shiga. Wuraren da akan yi irin wannan taro sanannu ne: Dandalin Murtala da zauren Umaru Musa 'Yar'aduwa da ke cikinsa, Ƙofar Gamji, da zaurukan otal-otal da na biki.

Da yawa daga cikinmu ta waya muka san mawaƙan nan. Mun haddace waƙoƙinsu, mun san inda kiɗa ke tsayawa da inda murya ke ɗagawa. Shi ya sa ɗalibi zai tara kuɗin tara na makonni, ya roƙi izini a gida, ya je wasa, sannan ya dawo yana cewa, "Ai ba haka waƙar take ba." A wannan makon mun ga ya dace mu duba abin da ya kamata mu sa rai da shi idan mawaƙin da ya daɗe a fage, wanda kuma shi yake tsara waƙoƙinsa da kansa, ya tsaya a gabanmu. Amsar a taƙaice ita ce: waƙar da ke cikin waya an riga an gama ta, wadda ake yi a dandamali kuwa a gabanmu ake ƙera ta, kuma da hannunmu a ciki.

Wane ne gogaggen mawaƙi?

Bari mu ɗauki misali da wanda kusan duk mai sauraron waƙar Hausa ya sani, Aminu Ladan Abubakar, wanda haruffan farko na sunansa suka ba shi laƙabin ALA, har ya zama Alan Waƙa. An haife shi a Yakasai cikin birnin Kano a 1973. Kafin ya yi suna a waƙa marubucin littattafan hikaya ne, kuma wannan ya bar tambari a waƙoƙinsa: dogaye ne, cike da karin magana da kalmomin da sai an koma wa malamin Hausa ko kaka a gida kafin a gane wasu. Waƙoƙinsa irin su "Jami'a" da "Baubawan Burmi" da "Bara a Kufai" da "Shahara" sun daɗe suna yawo a gidajen rediyo da wayoyin jama'a.

Mawaƙi irin wannan jarinsa na farko shi ne kalma. Wanda ya je wasansa don rawa da tsalle kaɗai zai iya dawowa da ƙorafi, domin akwai lokacin da za a sassauta kiɗa, a bar baiti ya fito fili, a jira zaure ya yi tsit. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai wanda ya tsaya ya ɗanɗana ne zai sani.

Kaduna kuma ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Tun da aka kafa gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna a 1962, manyan makaɗan Arewa suke zuwa garin nan ana ɗaukar waƙoƙinsu. A nan ne kuma aka yi gagarumin hawan daba na bikin FESTAC a 1977, inda sarakuna suka zo da tawagoginsu da makaɗansu. Kunnen garin nan ya daɗe da sanin waƙar da ake yi ido da ido.

Waƙar da kuka haddace za ta sauya

Abu na farko da za ku lura da shi shi ne waƙar ba za ta zo daidai da ta faifai ba. Waƙar minti shida za ta iya kai minti goma sha biyar. Za a iya tsallake baitin da kuka fi so, a kawo wani da ba ku taɓa ji ba. Za a iya ambaton Kaduna, ko unguwarku, ko wani dattijo da ke zaune a layin gaba. Wannan ba kuskure ba ne, asalin sana'ar ke nan.

Ku tambayi iyayenku game da Alhaji Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923, ya rasu ranar 18 ga Yuni, 1999. Shata bai rubuta waƙa a takarda ba. Yakan tsaya a gaban masu kalangu da 'yan amshi, ya dubi taro, ya shirya waƙa nan take. Shi ya sa "Bakandamiya", waƙar da ya yi wa kansa kirari a cikinta, ba iri ɗaya ba ce a duk kaset ɗin da aka ɗauka. Gindinta yana nan, amma abin da ke biyo baya yana bin wuri da lokaci da mutanen da ke wajen. Wanda ke son ƙarin bayani sai ya nemi littafin "Shata Ikon Allah!" na Ibrahim Sheme da abokan aikinsa, wanda aka buga a nan Kaduna a 2006.

Masana waƙar baka, irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau na Jami'ar Bayero, marubucin "Jagoran Nazarin Waƙar Baka", sun ba mu sunayen waɗannan sassa. Abin da ake ta maimaitawa shi ne gindin waƙa. Abin da jagora yake kawowa tsakanin gindi da gindi su ne ɗiyan waƙa. Gindi shi ne turke, ɗiya kuwa suna iya ƙaruwa ko raguwa. Mawaƙin zamani mai rubuta baitocinsa ya fi Shata tsayawa a kan abin da ya tsara tun daga gida, amma idan ya goge, shi ma yana da sararin da zai ƙara ɗa ko ya rage. A wannan sararin ne ake gane gwani.

Ba a ƙasar Hausa kaɗai ake haka ba. A Masar, shahararriyar mawaƙiyar nan Ummu Kulsum, wadda ta rasu a 1975, ta shafe shekaru tana yin wasa a ranar Alhamis ta farkon wata, ana watsa shi kai tsaye ta rediyo. Waƙa biyu ko uku kawai takan yi a dare guda, amma ɗaya takan ɗauki kusan awa ko fiye, domin idan jama'a suka nuna jin daɗin wani layi sai ta sake shi da wani salon murya daban.

Ku dubi waɗanda ke bayansa

Idanunmu sukan tsaya a kan mai makirufo, alhali rabin aikin a bayansa ake yi. Akwai 'yan amshi, waɗanda ba gindi kaɗai suke maimaitawa ba. Wani lokaci jagora zai fara magana ya sake ta a tsakiya, su ƙarasa masa. Wani lokaci su raka shi har ƙarshen layi don muryar ta yi kauri. Suna ba shi damar jan numfashi da tunanin abin da zai faɗa a gaba. Akwai makaɗa, waɗanda idonsu ke kan jagora: ɗaga hannu ɗaya ya isa su sassauta, juyowa ɗaya ta isa su tsaya cak. A wasu ƙungiyoyin akwai sanƙira, mai yi wa jagora kirari da sanar da kyautar da aka bayar.

Ku lura da kayan kiɗan ma, domin kowanne da tarihinsa. Kalangu shi ne na Shata. Kotso na makaɗan fada ne irin su Musa Ɗanƙwairo. Gurmi ya tafi da sunan Haruna Uji. Ƙwarya ita ce ta Hajiya Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013. Ɗan Maraya Jos kuwa, wanda ya rasu a 2015, da ɗan ƙaramin kuntiginsa mai tsirkiya ɗaya yake riƙe taro shi kaɗai, ba ɗan amshi ko ɗaya. Idan kuka ga ɗaya daga cikin waɗannan kaya a gefen fiyano a dandamalin yau, to ku san mawaƙin yana ƙoƙarin haɗa ku da waɗancan magabata ne.

Waƙa ake yi ko mamin?

Ga tambayar da ta shafi aljihunku kai tsaye. Tun daga ƙarshen shekarun 1990, lokacin da na'urar fiyano ta mamaye situdiyo tare da bunƙasar finafinan Hausa, mutum ɗaya kan iya haɗa kiɗan da a da sai an tara makaɗa biyar ko shida. Wannan ya sauƙaƙa aiki, ya kuma buɗe wa matasa da yawa ƙofa. Amma ya haifar da wata al'ada: mawaƙi ya hau dandamali, a saka masa faifansa, ya riƙa motsa baki yana bin muryarsa da aka riga aka ɗauka. Shi ne ake kira mamin.

Saboda haka wasa iri uku ne. Akwai wanda kiɗa da murya duk daga faifai suke. Akwai wanda kiɗan na na'ura ne amma muryar ta gaske ce. Akwai kuma wanda kiɗa da murya duka a gabanku ake yin su. Na ukun ya fi tsada da wahala, domin sai an yi atisaye, an biya makaɗa, an tanadi kayan sauti masu kyau. Shi ne kuma wanda ya kamata mu sa rai da shi daga mawaƙin da ya shekara ashirin ko fiye a fage.

Ga yadda za ku gane. Idan ya janye makirufo daga bakinsa ko ya juya yana gaisawa da wani, muryar ta ci gaba kamar ba abin da ya faru? Kuna jin numfashinsa tsakanin layi da layi? Zai iya tsayar da kiɗa a tsakiya ya yi magana, sannan ya ɗora daga inda ya tsaya? Hannun makaɗi yana tafiya daidai da abin da kunnenku ke ji? Waƙar ta ƙare da buga ta ƙarshe, ko kuwa sautin ya riƙa raguwa a hankali kamar a rediyo? Babbar jarrabawa kuwa ita ce ɗaukewar wuta. Idan janareta ya mutu, mai mamin sai ya tsaya yana murmushi. Gwani kuwa zai ɗaga murya, mai kalangu ya biyo shi, jama'a su zama 'yan amshi har wuta ta dawo.

A wasu ƙasashe ana ɗaukar wannan batu da zafi. A 1990 an ƙwace lambar yabo ta Grammy daga hannun wasu matasa biyu da ake kira Milli Vanilli, bayan an gano ba su ne suka rera waƙoƙin da ke faifansu ba. Mu a nan ba muna cewa duk mai mamin maƙaryaci ne ba, domin galibi muryarsa ce a faifan, kuma sau da yawa masu shirya taro ne ba su tanadi kayan aiki ba. Abin da muke cewa shi ne wanda ya biya kuɗi yana da haƙƙin sanin abin da ya saya.

Abin da sai an yi haƙuri da shi

Muryar ɗan shekara hamsin ba irin ta ɗan shekara ashirin da biyar ba ce. Za ku iya jin ya saukar da waƙar ƙasa kaɗan, ko ya bar wa 'yan amshi wurin da ake ɗaga murya sosai. Za ku iya jin kaushi a inda faifai yake sumul, domin a situdiyo ana sake ɗauka har sai an dace, ana kuma gyara murya da kwamfuta. A dandamali babu gogewa. Zai ma iya mance layi. Ku zuba ido ku ga yadda zai fita: gogagge yakan mayar da mantuwar raha, ko ya cike gurbin da sabon layi ba tare da karin waƙar ya karye ba.

Ba kuma lallai ne ya yi waƙar da kuka je dominta ba. Mai waƙoƙi masu yawa, awa ɗaya ko biyu ba za su ishe shi ba. Zai zaɓi wasu tsofaffi don iyaye, wasu sanannu don kowa, sannan ya gwada sabuwa. Lokacin sabuwar waƙa ne mutane sukan fara hira da danna waya, alhali shi ne lokacin da ya fi cancanta a saurara, domin duk waƙar da muka haddace yau akwai ranar da wani taro ya ji ta karon farko.

Sai batun lokaci. Kowa ya san wasanninmu ba su cika farawa a lokacin da aka rubuta a fasta ba, kuma babban mawaƙi a ƙarshe yake fitowa, bayan masu tasowa da masu barkwanci. Idan an ba ku lokacin komawa gida, ku yi lissafi da wannan tun kafin ku sayi tikiti.

Yabo, habaici da liƙi

Za ku ji an yabi mutane: sarki, attajiri, ɗan siyasa, ko wanda ya ɗauki nauyin taron. Tsohuwar al'ada ce, da ita makaɗa suke ci. Amma ɗalibi ya kamata ya saurara da kunne biyu. Da ɗaya ya ji daɗin salo da azanci, da ɗayan ya tuna cewa waƙar yabo ba littafin tarihi ba ce. Haka nan za ku ji habaici, inda ake harbin mutum ba a kama suna ba, wani lokaci har da zambo. Idan manya suka fashe da dariya ku ba ku gane ba, ku riƙe layin ku tambaya a gida. Galibi akwai labari a ƙarƙashinsa.

Game da liƙi kuwa, ga abin da mutane da yawa ba su sani ba. Sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa takardun Naira ko taka su a wajen biki. Hukuncin shi ne ɗaurin da bai gaza wata 6 ba, ko tarar da ba ta gaza Naira 50,000 ba, ko duka biyun. A 2024 hukumar EFCC ta gurfanar da wasu sanannun mutane a kotu a kan wannan laifi. Wanda yake son yi wa mawaƙi kyauta sai ya miƙa a hannu ko a ambulan. Ku ɗalibai kuwa, tafi da amshi sun ishe ku kyauta.

Ku koma gida da kunnenku da wayarku

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin komai a nemi izinin iyaye, a kuma gaya musu wuri da lokaci. Idan sun ce a'a, magana ta ƙare, ba a tsallake katanga saboda waƙa. Idan sun yarda, ya fi kyau a tafi da yaya ko kawu ko wata babba a gida, a zaɓi wasan rana ko na yamma, a kuma shirya abin hawan dawowa tun da wuri. Da shigarku ku duba ƙofofin fita, ku sa wurin haɗuwa idan an rabu. Kada ku kutsa inda ake turereniya, kuma waya ta zauna a aljihun gaba ko cikin jaka.

Ku nisanci bakin lasifika. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya, 'yan shekara 12 zuwa 35, suna cikin haɗarin raunin ji saboda sauraron sauti mai ƙarfi. A 2022 ta fitar da ƙa'idar cewa matsakaicin ƙarar sauti a wuraren wasa kada ya wuce desibel 100, wato ma'aunin ƙarfin sauti. Ba sai kuna da na'urar aunawa ba: idan sai kun yi ihu kafin na kusa da ku ya ji, ko kunnenku ya riƙa ƙara bayan an tashi, to sautin ya yi yawa. Ku ja baya. Ƙwayoyin ji na cikin kunne idan suka lalace ba sa sake tsirowa.

Wata shawara kuma: kada ku kalli wasan gaba ɗaya ta gilashin waya. Ku ɗauki minti ɗaya ko biyu don tarihi, sannan ku sauke hannu. Gani ya kori ji, amma sai idan da ido aka gani.

Aiki ga ƙungiyoyin Hausa na makarantu

Masu ɗaukar darasin Hausa a jarrabawar WAEC da NECO sun san waƙar baka tana cikin manhaja. Babu ajin da ya kai wasan kai tsaye koyar da ita. Don haka ga aikin da muke ba ƙungiyoyin Hausa, ko na Kwalejin Rimi ne, ko na Kwalejin Tunawa da Sardauna, ko na Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Malali, ko na kowace makaranta da wannan shafi ke isa.

Ku zaɓi waƙa ɗaya ta gogaggen mawaƙi ku saurare ta a faifai, ku rubuta gindinta da adadin ɗiyanta da jigonta. Sannan ku saurare ta a wasa, ko a bidiyon wasan da aka ɗauka idan zuwa bai yiwu ba. Ku rubuta abin da aka ƙara, da abin da aka cire, da sunayen da aka ambata, da kayan kiɗan da aka yi amfani da su, da inda jama'a suka karɓi amshi. A ƙarshe ku amsa tambaya ɗaya: me ya sa mawaƙin ya yi waɗannan sauye-sauye a gaban wannan taro?

Ku kai wa malaminku ya duba, sannan ku aiko mana. Za mu buga waɗanda suka fi tsari a wannan shafi, tare da sunan makarantarku.